Ziyarar Wuraren Tarihi: Abin da Yaƙin Basasa Ya Bari

  

Yau tafiya za mu yi, kuma mai nisa. Kada wata ta ce, to ai ni ban nemi izinin maigida ba. Kwantar da hankalinki, tafiyar ta kunne ce, ba sai kin ɗauko mayafi ba. Ki ci gaba da tsince shinkafarki, ni zan ja ki har mu je mu dawo.

Abin da ya kawo wannan hira wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana. Ta ce an tura ɗanta aikin bautar ƙasa Jihar Abiya, tun da ya tafi ba ta barcin kirki. Rannan sai ga shi ya turo hotuna ta wayar ƙanensa, wai sun je gidan tarihin yaƙi a garin Umuahia. Ga shi tsaye jikin jirgin yaƙi, ga tankoki duk sun yi tsatsa. Sai take tambaya, shin wane irin mutane ne za su tara makaman da aka kashe musu 'ya'ya da su, su kewaye, su sa maigadi, har a riƙa zuwa kallo? Ta ce ita a ganinta abin da ya wuce gara a binne shi. To Hajiya, tambayarki mai nauyi ce, kuma na tabbata ba ke kaɗai ke da ita ba. Bari mu bi ta a hankali.

Mu fara da ita kalmar basasa. Yaƙin basasa shi ne yaƙin cikin gida, wanda 'yan ƙasa ɗaya ko 'yan gari ɗaya suke yi a tsakaninsu. Kanawa sun san kalmar tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1893, bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello, aka naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fita daga birni suka bi ɗan'uwansu Yusufu zuwa Takai. Aka rabu gida biyu, Tukurawa da Yusufawa, alhali duk jikokin Sarki Ibrahim Dabo ne. Yusufu ya rasu ana tsakiyar rikicin, ƙanensa Alu ya karɓi tuta ya shiga Kano a 1894, shi kuma Tukur aka kashe shi a 1895. Kun ga sifar basasa ke nan. Wanda ka sara da wanda ya sare ka, kaka ɗaya ya haife ku, kuma gidan da za a yi zaman makoki sau da yawa gida ɗaya ne.

Basasar da ta fi girma a tarihin ƙasar nan ita ce ta 1967 zuwa 1970, wadda iyayenmu ke kira yaƙin Biyafara ko yaƙin Ojukwu. Wanda yake son ya bi sawunta ta wuraren tarihi, daga Kaduna zai fara. Akwai wani gida a can da ake kira Gidan Arewa, nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. A daren 15 ga Janairun 1966 wasu matasan hafsoshin soja suka yi juyin mulki, suka afka wa gidan, suka kashe Sardauna. Uwargidansa Hafsatu ba ta gudu ta bar shi ba, tare suka cika. A wannan juyin mulki aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Akintola, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Daga baya an mai da gidan cibiyar adana tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ana zuwa a ga kayan Sardauna da hotuna da takardu. Shi kuma Tafawa Ɓalewa kabarinsa na Bauchi, an gina masa wuri na musamman, ana karɓar masu ziyara.

Yawancin hafsoshin da suka shirya juyin mulkin 'yan ƙabilar Ibo ne, wanda ya karɓi mulki bayansa, Janar Ironsi, shi ma Ibo ne. Zukata suka yi zafi a Arewa. A ranar 29 ga Yulin shekarar sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi a Badun, Yakubu Gowon ya hau. A nan akwai maganar da dole mu faɗa ko da ba daɗi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Mayu, da kuma Satumba da Oktoba na 1966, an kashe dubban Ibo mazauna garuruwan Arewa. Kafintoci ne, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da 'yan tireda, da matansu da 'ya'yansu, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashe suka koma Gabas. 'Yan Arewa da ke zaune can su ma an taɓa su, suka baro dukiyarsu suka gudo gida. Sai dai a cikin wannan duhu an samu masu tsoron Allah, sarakuna da talakawa, da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu har ƙura ta lafa.

An je garin Aburi na ƙasar Gana a Janairun 1967 don a sasanta, aka dawo kowa da irin fassarar da ya yi wa yarjejeniyar. Gowon ya raba ƙasar jihohi 12 a ranar 27 ga Mayu. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, gwamnan soja na Gabas, Odumegwu Ojukwu, ya ce yankinsa ya ɓalle, ya zama ƙasar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. Aka yi wata 30 ana gwabzawa.

Ku lura da wani abu, 'yan uwa. Shi Ojukwu a Zungeru aka haife shi, cikin Jihar Neja ta yanzu, yana jin Hausa, kuma lokacin juyin mulkin farko shi ne kwamandan bataliyar soja ta Kano. Manjo Nzeogwu da ya jagoranci harin gidan Sardauna a Kaduna ya tashi, har sunan garin ake kiransa da shi. Gowon a Wusasa ta Zariya ya girma. Kafin duk wannan, a shekarun 1950, mutanen Inugu sun zaɓi wani Bafulatanin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garinsu. Mutane ne da suka san juna, wasunsu tare suka yi horon soja, tare suka ci abinci a kwano ɗaya.

To yanzu mu isa inda ɗan Hajiya ya ɗauki hoto. Umuahia ita ce babban birnin Jihar Abiya tun da aka ƙirƙiri jihar a 1991. Tana kan layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu, shi ya sa fataken shanu na Arewa suka daɗe da saninta. Da sojojin tarayya suka kama Inugu a Oktoban 1967, sai Biyafara ta mayar da hedkwatarta Umuahia, tana nan har garin ya faɗi a Afrilun 1969. An ƙaddamar da aikin gidan tarihin a 1985, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, aka buɗe shi ga jama'a a 1989.

Abin da zai ba ku sha'awa, mu da ke hira ta rediyo, shi ne wurin da aka zaɓa. Tsohon gidan rediyo ne. A nan, cikin wani gini na ƙarƙashin ƙasa, Muryar Biyafara take watsa shirye-shiryenta lokacin yaƙin. An binne shi ne don kada jirage su gano shi su yi masa ruwan bom. Me ya sa aka tsare rediyo kamar yadda ake tsare rumbun makamai? Domin shi ma makami ne. Kowane ɓangare yana da gidan rediyonsa, kowa yana gaya wa mutanensa cewa su ke da gaskiya, kuma su ke cin nasara. Uwa tana zaune a Kano tana jin an ce an kama gari kaza, wata uwar tana cikin daji a Gabas tana jin an ce an fatattaki abokan gaba, kowace tana addu'a ɗanta ya dawo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Cikin gidan an kasa kayan kashi uku. Sashe na farko na makaman gargajiya ne: kwari da baka, da masu, da takubba, da garkuwa, da bindigar toka, irin waɗanda kakanninmu suka yi yaƙi da su. Na biyu na rundunonin sojan Nijeriya ne, na ƙasa da na ruwa da na sama, da kakinsu da lambobinsu tun daga zamanin Turawa. Na uku shi ne na basasar kanta. A nan ne hotuna suke, na shugabannin ɓangarorin biyu, da na garuruwan da aka rusa, da na yaran da yunwa ta cinye. Masu ziyara kan shiga suna hira, da sun iso nan sai ka ji kowa ya yi tsit.

Idan aka fito fili kuma sai manyan kaya. Ga jiragen yaƙi ƙirar Rasha da sojojin tarayya suka yi aiki da su. Ga wani ɗan mitsitsin jirgi ƙirar Suwidin, wanda asalinsa na koyon tuƙi ne, aka ɗaura masa rokoki ya zama na yaƙi a hannun Biyafara. Ga jirgin ruwan soja, an jawo shi tudu an girke. Ga motoci masu sulke da injiniyoyin Biyafara suka ƙera da hannunsu, suka liƙa farantan ƙarfe a jikin motocin aiki, suka sa musu suna Jan Shaiɗan. Akwai kuma wata nakiya da suka haɗa da kayan gida, wadda suke kira ogbunigwe, wato mai kashe jama'a da yawa. An datse musu hanyar teku da ta tudu, don haka har man fetur da kansu suke tacewa a daji.

Mai kallo zai ce kai, waɗannan mutane akwai basira. Gaskiya ne akwai. To amma a kan wa basirar ta ƙare? A ranar 31 ga Maris 1968, a wani gari da ake kira Abagana a Jihar Anambra ta yanzu, sojojin Biyafara suka yi wa ayarin motocin sojan tarayya kwanton ɓauna a kan hanyar Anaca. Motoci kusan 100 ne jere, cikinsu har da tankokin mai. Wuta ta kama tankar mai, ta bi ayarin tana ci. Sojoji masu yawa suka ƙone a wurin. A cikin rundunar tarayya akwai samarin Arewa birjik, daga Kano da Katsina da Borno da Binuwai da Filato, waɗansu ko gemu ba su fara ba. Akwai gidajen da har yau ba su san inda kabarin ɗansu yake ba. Akwai matan da suka yi takaba ba su ga gawa ba, sai dai saƙo.

A cikin garin Umuahia akwai wani wurin kuma da ake kira ramin Ojukwu. Gida ne aka gina a ƙarƙashin ƙasa a 1968, zurfinsa kamar mita 8, da ɗakuna da wurin taro da hanyoyin fita. Daga nan ake tafiyar da yaƙin. Ana sauka ta matakala a zaga a gani. Duk wadda ta ji wannan ta tambayi kanta, shugabanni suna da rami, to talakawa fa, ina suka shiga?

A nan ne nake son mu daɗe, domin wannan shi ne rabin labarin da ƙarfe ba ya iya faɗa. Masana sun saɓa a kan yawan waɗanda suka mutu, amma ƙiyasi da dama na cewa sun kai miliyan ɗaya ko fiye. Mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce, kuma galibi ƙananan yara ne. Ƙasar Ibo ƙasar rogo ce da doya. Nama daga Arewa yake zuwa musu, busasshen kifi kuma daga ƙasashen waje. Da aka rufe hanya sai duk suka yanke. Yaro yana cin rogo, amma babu abin gina jiki. Sai ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa, ya daina ko kuka. Wannan ita ce tamowa mai tsanani da likitoci ke kira kwashoko. Uwayen da suka taɓa kwana a asibiti da yaro mai tamowa sun san abin da nake faɗa.

Gishiri ma, wanda muke barbaɗawa ba lissafi, ya zama kamar zinariya. Maza suna fagen fama ko suna ɓoye don kada a kama su a sa su soja, sai ciyar da gida ya dawo wuyan mata. Matan Ibo suka riƙa wata irin fatauci da suka sa wa suna kasuwar farmaki. Su ɗaura ɗan kuɗi a ƙugu, su bi daji da dare, su ƙetare inda sojoji suka ja daga, su sayo gishiri da kifi a ɓangaren tarayya, su ɗoro a ka su dawo. Wasu an harbe su, wasu an ci mutuncinsu, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ba wata lambar yabo da aka rataya musu. Amma yaran da suka rayu, da yawansu da wannan gishiri da kifin suka rayu.

Ɗan taimakon da ke shigowa daga waje ta wani wuri yake bi da ake kira Uli. Ba filin jirgi ba ne na gaske, titin mota ne aka faɗaɗa. Jiragen ƙungiyoyin agaji suna sauka cikin dare, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe, a sauke madara da kifi da magani, su tashi kafin gari ya waye. Waɗansu matuƙan a nan suka rasa rayukansu. Cikin likitocin da suka yi aikin agaji a wancan yaƙi akwai wasu Faransawa da abin da suka gani ya tsaya musu a rai, suka koma gida suka shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971. Ita ce wannan da kuke jin sunanta a asibitocin Arewa da na Nijar, tana kula da yara masu tamowa da mata masu yoyon fitsari. Kun ga ikon Allah, yunwar yaran Ibo ta zama sanadin maganin da ya iso har ga namu yaran.

Daga Umuahia, mai dawowa ta yamma zai ƙetare Kogin Kwara a Anaca. Tsohuwar gadar da ke wurin an gama ta a 1965, aka karya wani sashenta lokacin yaƙi, aka gyara bayan an gama. An buɗe ta biyu a 2023. Da ka sauka gadar ka shiga Asaba. A wannan gari, a farkon Oktoban 1967, bayan sojojin tarayya sun shigo, mutane suka fito cikin fararen kaya don nuna suna tare da Nijeriya. A wata unguwa da ake kira Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga cikin mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Mata ne suka bi gawarwaki suna juyawa suna neman mazajensu da 'ya'yansu, waɗanda ba a gane ba aka haɗa su a manyan ramuka. Yau akwai wurin tunawa a unguwar, da sunayen waɗanda aka iya tattarawa. Babu tanka, babu jirgi, sunaye ne kawai.

Na san wata za ta ce, ai su suka fara, su suka kashe mana Sardauna. A can ma akwai tsohuwar da ke cewa mu muka fara, mu muka kashe mata miji a tashar jirgin ƙasa. Kowace tana da gawar da take nunawa, kuma kowace gawarta ta gaskiya ce. Amfanin zaga waɗannan wurare duka, daga Kaduna har Asaba, shi ne mutum ya ga ta ɗan'uwansa bayan ya ga tasa.

A Janairun 1970 ƙarfin Biyafara ya ƙare. Ojukwu ya hau jirgi a Uli ya tafi Kwaddibuwa. Mataimakinsa Philip Effiong ya shiga rediyo ranar 12 ga wata ya ce a ajiye makamai. Ya gana da Kanar Olusegun Obasanjo a wani gida a garin Amichi kusa da Nnewi, sannan ranar 15 ga Janairu aka kammala miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Ikko. Gowon ya ce a wannan yaƙi babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Ba a ce komai ya tafi daidai ba, don mutane da yawa a Gabas fam 20 kacal aka ba su a madadin abin da suka ajiye a banki, kuma har yau ana jin zafin wannan. Amma a garuruwan Arewa da dama, Ibo sun dawo sun tarar maƙwabta sun riƙe musu gidajensu amana. Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982, ya rasu a 2011. Ranar 15 ga Janairu kuwa ita ce aka tsayar kowace shekara don tunawa da 'yan mazan jiya. Ita ma bautar ƙasar da ta kai ɗan Hajiya Abiya, 'yar wannan yaƙi ce. Gowon ya kafa ta a 1973 don matasa su je su zauna da waɗanda a da sai dai su ji labarinsu.

Ba mu kaɗai ke adana irin waɗannan wurare ba. Amurka ta yi tata basasar daga 1861 zuwa 1865, tsakanin jihohin arewa da na kudu, a kan batun bauta, aka rasa rayuka fiye da 600,000. Gumurzu mafi muni an yi shi a wani ƙaramin gari mai suna Getisbag, kwana uku, 1 zuwa 3 ga Yulin 1863. Waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda suka ɓace sun kai wajen 50,000. Sun bar filin yadda yake, da gonakinsa da tuddansa, suka kakkafa duwatsun tunawa fiye da 1,300, na ɓangarorin biyu. A maƙabartar garin akwai na wata mata, Elizabeth Thorn. Mijinta shi ne mai kula da maƙabartar, ya tafi soja ya bar ta, lokacin faɗan kuwa tana da cikin wata shida. Da aka gama faɗan, ita da tsohon mahaifinta suka yi ta haƙa, ta binne sojoji fiye da 90 a cikin zafin bazara. Sai a 2002 aka kafa mata abin tunawa. Kusan shekara 140 kafin a tuna da mai haƙa kabari, alhali janar-janar tun tuni aka gama da su. Ko'ina haka abin yake, ana saurin tuna wanda ya riƙe bindiga, a manta wadda ta wanke jini.

To Hajiya, ga amsarki. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma waiwaye adon tafiya. Waɗanda suka ga yaƙin nan da idonsu suna ta ƙarewa. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1967 yanzu ya doshi 80. An kuma ɗauki shekaru ba a koyar da tarihi a ƙananan makarantunmu kafin a dawo da shi. Yaron da bai ga yaƙi ba, a fim kawai ya san shi, shi ne mai saurin cewa a yi ta ta ƙare. Idan aka binne tankar nan, aka share sunayen nan, da me za a nuna masa? Ɗanki da ya tsaya gaban hoton yaron da yunwa ta kumbura, ya koyi abin da wa'azin shekara ba zai koya masa ba. Idan ya sake bugo waya, ki tambaye shi abin da ya gani a sashe na uku, ki bar shi ya ba ki labari.

Ba kowa ce za ta je Umuahia ba, hanya da nisa, kuma ba kullum take da lafiya ba. Amma kusan kowane gari namu yana da wurin tarihinsa. Kano akwai Gidan Makama da Dutsen Dala da abin da ya rage na ganuwa. Katsina akwai Hasumiyar Gobarau, Daura akwai rijiyar Kusugu, Sakkwato akwai Hubbaren Shehu, ga kuma na Kaduna da Bauchi da muka ambata. Lokacin hutun makaranta ki lallaɓi maigida ya kai yara, in da hali a tafi da ke. In bai yiwu ba, wansu ko kawunsu ya raka su, su dawo su ba ki labari dalla-dalla. A ja musu kunne kafin su fita: ba a rubutu a bango, ba a ɗauke ko tsinke, ba a hawa kan kayan da aka ajiye, inda akwai kabari kuma a yi natsuwa. A saurari mai yi wa baƙi bayani, a yi masa tambaya.

Sannan akwai gidan tarihin da ba ya buƙatar kuɗin mota. Ita ce tsohuwar da ke ɗakin ƙofar gida, kakar yara ko surukarki. Ki tambaye ta ina take ranar da aka ce an kashe Sardauna. Wa aka ɗauka soja a unguwarsu, ya dawo ko bai dawo ba? Maƙwabciyarta Ibo da suke musayar kayan miya, ina ta shiga? Ki tara yara su ji daga bakinta, mai waya ya ɗauki muryarta ya ajiye. Ranar da aka ɗauke ta, an rufe wannan ɗakin ke nan har abada.

Na ce za mu dawo kan maganar rediyon nan da aka binne a ƙasa. A wancan zamani sai gwamnati ke da abin watsa magana. Yau kowace waya gidan rediyo ce. Saƙo zai shigo, wai an kashe mutanenmu a gari kaza, da hoto wanda ba a san na wace shekara ba ne ko na wace ƙasa. Kafin ki tura wa wata, ki tsaya ki tambaya, wa ya gani? Haka kuma kalmar da kike kiran wata ƙabila da ita a tsakar gida, yaron da ke wasa a gindin turmi yana ji, kuma da ita zai fita waje. Sojan da ya ƙone a Abagana da saurayin da aka harbe a Asaba, kowannensu wata ce ta goya shi, ta yaye shi, ta yi masa tatsuniya. Mu da ke cikin gida ba mu ke ɗaukar makami ba, amma a hannunmu masu ɗauka suke tashi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kwantar da fitina a ƙasarmu, Ya dawo wa Hajiya da ɗanta lafiya, da duk 'ya'yanmu da ke bautar ƙasa ko aikin soja a ko'ina suke. A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A duba tukunya kada ta kama, a huta lafiya.